RAYUWAR ƊALIBI: Dogon hutun da babu hutawa a cikinsa

Ranar da aka kammala jarrabawar zango na biyu, Samaru kan wayi gari da hayaniyar da ta fi ta kullum. Tun da hantsi ɗalibai ke kwararowa daga Babbar Ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello: wannan ya ɗora akwati a ka, wancan ya naɗe katifa ya ɗaure da igiya, waccan kuma tana jan jakar bakko da ta cusa wa tukunya da risho da bokiti. Masu keke da 'yan acaɓa suna ta kiran Kwangila, inda 'yan kamasho ke jiran masu zuwa Kano da Kaduna da Funtuwa da Sakkwato. Ana musabaha, ana karɓar lambar waya, ana neman gafarar juna. Masu shayi da masu shagon fotokwafi kuwa sai ido, domin sun san kasuwarsu ta bi masu tafiyar.

Wanda ya ga fara'ar da ke fuskokin matasan nan zai ɗauka hutawa za su je yi. A takardar hukumar jami'a ma sunan abin ke nan, hutu. Amma ga ɗan talaka, makonnin da ke gabansa su ne mafi nauyi a shekara. A cikinsu zai nemi kuɗin rajistar sabuwar shekara, da na haya, da ɗan abincin da zai riƙe shi watannin farko. Abin da ya samu a hutun shi zai nuna ko zai sake shigowa ta wannan ƙofa idan an koma, ko kuwa za a kira sunansa a aji a ji shiru.

Daga asuba zuwa karatun dare

Ba za a gane abin da hutu yake nufi ga ɗalibi ba sai an san irin rayuwar da yake barowa a makaranta. Ranarsa takan fara da kiran assalatu. Bayan salla, ko addu'ar safe ga ɗalibai Kiristoci, sai layin famfo, sai wanka a gurguje, domin laccar farko kan fara da ƙarfe 7 ko 8. A manyan darussan 'yan shekarar farko, wanda ya makara ya rasa kujera, kuma ko wurin tsayuwa a bakin taga sai ya yi sa'a.

Samun gado a ɗakunan kwana irin su Amina da Ribadu na mata, ko Ɗanfodiyo da ICSA/Ramat na maza, rabo ne, kamar yadda lamarin yake a kusan dukkan jami'o'in gwamnati, inda yawan ɗalibai ya daɗe da fin ƙarfin gine-gine. Wanda ya rasa, ko dai ya raɓa wajen aboki ko ɗan garinsu, ko ya kama ɗaki a cikin Samaru ko Hayin Dogo, ya ƙara wa kansa nauyin haya.

Ta fannin ciki kuwa, ɗalibai suna da wani lissafi da ba a koyar da shi a kowane sashe. Idan aka ce 1-0-1, ana nufin a karya kumallo, a tsallake rana, a ci da dare. Idan aljihu ya ƙara bushewa sai a koma 0-1-0, wato ci ɗaya tak a tsakiyar rana. Garau-garau da ɗanwake da awara da taliyar Indomie su ne abokan tafiya, gari da ƙuli-ƙuli kuma shi ne mai rufin asiri ranar da komai ya ƙare. Abokai kan haɗa tukunya, wannan ya kawo shinkafa, wancan manja, wani kuma kalanzir ko gas. A irin wannan tukunya ake ƙulla abotar da kan wuce shekarun makaranta, tsakanin Bahaushe da Bakataf da Banufe da Bayarabe.

Iyayen da suka yi jami'a a shekarun 1970 suna tuna wata rayuwa dabam, lokacin da gwamnati ke tallafa wa ciyar da ɗalibai a ɗakin cin abinci sau uku a rana. Ƙarin kwabo 50 da aka yi wa kuɗin abincin yini a 1978 shi ne ya haddasa zanga-zangar da ɗalibai suka nemi a sauke kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali, kuma har an rasa rayukan ɗalibai a Zariya. Daga baya aka daina ciyarwar baki ɗaya, nauyin ya koma kan iyaye, daga iyaye kuma ya gangaro kan ɗalibin da kansa.

Da dare ya yi sai a nufi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ko ajujuwan da ake bari a buɗe. Wasu karatu ya kawo su, wasu cajin waya, domin yanzu takardun lacca ta WhatsApp suke yawo, kuma wanda ba shi da data ko caji tamkar bai halarci darasi ba ne. Idan jarrabawa ta ƙarato akan kwana a aji, ana karatu ana korar sauro, tsoron kari-oba na hana ido runtsawa. Daga irin wannan gajiya ake fitowa zuwa abin da ake kira hutu.

Kalandar da ta rikice

A tsarin da jami'o'in Najeriya suka gada daga Ingila, shekarar karatu kan fara a watan Oktoba ta ƙare a Yuni, sannan a tafi dogon hutu daga Yuli zuwa Satumba. Ga Turawa wannan lokacin zafi ne na shaƙatawa da tafiye-tafiye. A Arewacin Najeriya kuwa ya faɗo daidai tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi buƙatar hannu. Don haka tsarin ya yi wa ɗan manomi daidai ba tare da an shirya hakan ba. Ɗan birni kuma yakan samu aikin wucin gadi a ma'aikatun gwamnati ko masaƙun Kaduna ko masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, ya koma makaranta da ɗan abin kashewa.

Yau yawancin masaƙun nan sun rufe, kalandar ma ta wargaje. Yajin aikin Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, ASUU, na 2013 ya kama daga Yuli zuwa Disamba. Na 2020 ya fara a Maris, ya haɗe da kullen cutar korona, bai ƙare ba sai Disamba. Na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu, aka janye shi ranar 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Bayan kowane yajin aiki, kowace jami'a kan sake tsara nata jadawalin don cike giɓi. Sakamakon haka dogon hutu na iya faɗowa a cikin sanyi ko a tsakiyar bazara, ko kuma a matse shi ya koma 'yan makonni. Sau da yawa wa da ƙane da ke jami'o'i dabam-dabam ba su haɗuwa a gida.

Akwai bambanci mai girma tsakanin hutun da aka san ranar ƙarewarsa da zaman gidan da yajin aiki ke jawowa. Mai hutun wata uku zai iya yin shuka, ko ya shiga koyon ɗinki, ko ya karɓi aikin koyarwa, domin ya san lissafinsa. Wanda yajin aiki ya koro kuwa kullum kunnensa na rediyo, yana tsoron ya fara abu a ce a koma gobe. Haka watanni ke shuɗewa, bai yi karatu ba, bai kama sana'a ba. Digirin shekara huɗu ya koma biyar ko shida, ga kuma ƙa'idar cewa wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba zai je hidimar ƙasa ta NYSC ba, kamfanoni da dama kuma suna gindaya iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikata.

Hanyar gida

Kasadar farko a kowane hutu ita ce tafiyar kanta. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a 2024 ya haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya bi sahu. Ɗalibin da gidansu ke Yola ko Maiduguri ko Ilorin yakan zauna ya auna: kuɗin zuwa da dawowa zai iya ciyar da shi makonni a Samaru. Wasu kan jira motar ɗan garinsu, wasu su haɗa kuɗi ta ƙungiyar ɗaliban jiharsu su yi shatar bas, wasu kuma su hau bayan babbar motar kaya duk da sanin haɗarin da ke ciki.

Bayan kuɗi akwai fargaba. Titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, wanda aka fara sake ginawa tun 2018, ya shafe shekaru ana aikinsa, sashen Abuja zuwa Kaduna kuma ya yi ƙaurin suna wajen garkuwa da matafiya. Jirgin ƙasa da jama'a suka koma wa domin tsira, shi ma an kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, kuma bai dawo aiki ba sai Disambar shekarar. Ɗalibai sun san su ma abin farauta ne: ba a manta da sace ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Maris 2021 ba, da na Jami'ar Greenfield a Afrilun shekarar, da ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka ɗauke a unguwar Sabon Gida a Satumbar 2023. Shi ya sa uwa ba ta samun natsuwa daga sa'ar da ɗanta ya ce ya shiga mota har sai ta ji sallamarsa a zaure.

Akwai kuma waɗanda ba su tafiya ko'ina. Ɗalibin da ƙauyensu ke yankin Birnin Gwari, ko wasu sassan Zamfara da Katsina, wani lokaci iyayensa ne da kansu za su aiko masa cewa ya yi zamansa. Irin waɗannan su ake gani a Samaru bayan gari ya watse, suna leburanci a wuraren gini, ko suna taya wani tsaron shago, suna kwana a ɗakin abokin da ya bar musu makulli.

Daga alƙalami zuwa fartanya

Ga wanda hutunsa ya dace da damina kuma ƙauyensu ke zaune lafiya, washegarin isowarsa gona ce ke jiransa. A ƙasar Zazzau akan shuka masara a watan Yuni idan ruwa ya zauna. Daga nan sai noman firi, sai zuba taki, sai maimai, sai huɗa, kowanne da lokacinsa, kuma wanda ya bari ciyawa ta riga shi ya yi asarar shekara. Kwana ukun farko su ne masu wuya. Hannun da ya saba da biro yakan yi ƙanta, baya ya riƙe, ƙannen da ba su taɓa barin gida ba su wuce shi a kunya suna yi wa ɗan boko dariya. Bayan mako guda jiki ya tuna abin da ya sani, shi ma ya fara cika kunyarsa tare da kowa.

Yawancin gidaje kan yankar wa saurayi gayauna, wato ɗan filin da amfaninsa nasa ne. A nan ɗalibi ke shuka kuɗin makarantarsa, da masara ko waken soya ko shinkafa. Matsalar ita ce taki. Buhun kamfa da na yuriya sun yi tsadar da sai an sayar da akuya ko an ci bashi. Wanda bai da jari sai ya shiga ƙwadago a gonakin masu hali, a biya shi da yamma, ya tara a hankali. Wata matsalar kuma ita ce lokaci: sau da yawa akan koma makaranta kafin kaka, sai ya bar wa ƙane ko kawu amanar girbi, ya ci gaba da bin labarin gonarsa ta waya tsakanin lacca da lacca.

Ɗaliban aikin gona suna da wata riba ta dabam. Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru ita ce ke fitar da ingantattun irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu ɗauke da sunayen SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. Ɗalibi kan ƙullo ɗan iri ya kai gida, ya yi ta fama da mahaifin da ya fi amincewa da irin da ya gada. Akan ƙare da sulhu, a ba shi kunya kaɗan a gefen gona ya gwada. Idan kaka ta yi aka ga zangarniya, maƙwabta da kansu za su zo tambaya. Ta wannan hanya ilimin jami'a kan isa ƙauyen da malamin gona bai taɓa takawa ba.

Kasuwa da birni

Ɗan birni kuwa kasuwa ce gonarsa. A Kano, ɗalibai kan koma shagon iyaye ko na yayye a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari, ko su zauna wajen masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Wasu kan gangaro Abuja wajen 'yan uwa a Mararraba ko Zuba ko Kubwa, su riƙa shiga gari da safe neman abin yi a irin su Banex da Kasuwar Wuse. Akwai masu zaman rumfar POS, da masu karɓar keke ko babur na wani su yi aikin yamma su kawo balas, da masu koyar da 'ya'yan ma'aikata darasi a gida. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi kuma kan buɗe darussan hutu kyauta ga ƙannensu masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, a aron ajin firamare, da allin da aka yi karo-karo aka saya.

A kasuwa ɗalibi ke koyon abin da aji bai koya masa ba: yadda ake karanta fuskar mai saye, yadda ake bin bashi ba tare da an ɓata zumunci ba, yadda ake haƙuri da maigida. Akwai waɗanda daga irin wannan zama suka samu sana'ar da ta riƙe su bayan digiri. Amma kasuwa tana da nata tarkon. Saurayin da ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihu, yana kuma ganin yayyensa masu digiri suna zaune babu aiki, yakan fara tambayar kansa amfanin komawa. Ba kowa ke cin wannan jarrabawa ba.

Waya ma ta zama wata kasuwar. Wasu na amfani da hutu su koyi zanen kwamfuta ko rubuta manhaja, ta YouTube ko ta shirye-shirye irin su 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 da burin horar da matasa miliyan 3. Wasu kuma neman na sauri ke ja. Duk wanda ya zauna a majalisar matasa a daminar 2024 zai tuna yadda aka duƙufa dannan waya da sunan haƙar kirifto, bayan wasu sun samu wani abu a Notcoin. Da Hamster Kombat ta fashe a Satumbar shekarar, da yawa sun tarar abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Cacar ƙwallo ta intanet ita ma ta cinye kuɗin rajistar da ba a san adadinsu ba, kuma wanda abin ya shafa ba ya iya faɗa a gida.

Koyon aiki na SIWES

Ga ɗaliban injiniya da kimiyya da aikin gona da makamantansu, akwai shekarar da hutu ke zuwa da wajibi. Shirin koyon aiki a masana'antu, SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya kafa a 1973, ya tanadi ɗalibin jami'a ya shafe kimanin wata shida a wurin aiki, yana cike littafin rahoto kullum, malami kuma ya zo duba shi. Ɗaliban ilimi su ma suna da nasu zangon koyon koyarwa, na kwalejin kimiyya da fasaha kuma kan yi shekara guda a wurin aiki tsakanin ƙaramar difloma da babba.

Manufar tana da kyau, amma samun gurbin shi ne aiki. Masana'antu sun yi ƙaranci, ɗalibai sun yi yawa. Akan ga saurayi da takardarsa a cikin ambulan yana bin ofis-ofis a Kaduna ko Abuja, maigadi na sallamarsa tun daga ƙofa, har sai an samu wani kawu da ya san wani. Wanda ya dace da wurin kirki yakan taɓa injin da a littafi kawai ya san shi, wani lokaci ma a ce ya dawo bayan ya gama. Wanda bai dace ba yakan ƙare da zaman benci da aiken sayo abinci, ya cike littafinsa da abin da bai yi ba. Ɗan alawus ɗin da aka tanada kuwa bai isa kuɗin mota ba, don haka zangon koyon aiki kan cinye abin da aka tara maimakon ya ƙara.

Hutun ɗaliba

Ɗaliba mace takan iso gida ta tarar madafa na jiranta, da renon ƙanne, da hidimar bukukuwan da dangi suka ɗage har sai ta dawo. Duk da haka da yawansu a cikin gida suke kafa jarinsu: ƙunshi, kitso, ɗinki, turaren wuta da humra, cincin da sauran kayan maƙulashe. Shagonsu shi ne shafin WhatsApp da Instagram, ɗan aikensu kuma ƙane ne ko mai keke. Akwai ɗalibai mata da dama da wannan ƙaramar sana'a ce ke saya musu takardun lacca da sabulu, har ta rage wa iyaye nauyin rajista.

A hutu ne kuma maganar aure kan taso. Ga wadda aka yi wa alkawarin ci gaba da karatu kuma aka cika, aure bai hana komai ba, jami'o'in Arewa cike suke da matan aure masu zuwa lacca da goyo. Amma idan zaman gida ya yi tsawo babu ranar komawa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, haƙurin iyaye da na manema kan ƙare, kuma ba kowane alkawari ke tsallake shekarar farko ta aure ba. Idan kuɗi suka gaza a gida mai ɗalibai biyu, sau da yawa ita ake cewa ta dakata wa ɗan uwanta.

Tafiya mabuɗin ilimi

Duk da wannan nauyi, ƙuruciya ba ta rasa hanyar nishaɗi. Kafin a watse, abokai kan haɗu su hau Dutsen Kufena da ke kusa da Wusasa, su hango Zariya shimfiɗe cikin koren damina. 'Yan Kano kan kai baƙinsu Dutsen Dala da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata. Ƙungiyoyin sassa kan tara kuɗi tun farkon zango don zuwa Yankari a Jihar Bauchi, inda ruwan Wikki ke ɓuɓɓugowa da ɗuminsa na kimanin digiri 31 dare da rana, ko da yake masu zuwa da damina ba su cika ganin dabbobi ba saboda tsawon ciyawa. Waɗanda ke kusa da Abuja kan nufi Gurara a Jihar Neja, wanda a wannan lokaci ne ruwansa ke cika yana zubowa da rugugi.

Mafi armashin tafiye-tafiyen ita ce ziyarar gidan aboki. Ɗan Katsina ya bi abokin ɗakinsa zuwa Kafanchan ko Jos, ya ci abincin da bai taɓa gani ba, ya ga yadda iyayen abokin suka karɓe shi kamar ɗansu, suka nuna masa alƙibla suka shimfiɗa masa tabarma. Ɗan Binuwai ya je hawan salla a Zariya ko Kano idan hutu ya dace da ita. A ƙasar da ake yawan jin labarin juna daga bakin masu raba kai, kwana uku a gidan aboki kan gyara tunanin da aka daɗe ana ɗauke da shi.

Sai dai damina ba ta wasa. Kududdufai da rafuka kan cika, kuma kusan kowace shekara ana samun labarin matasan da suka shiga wanka ba su fito ba. Lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane, jinyar mako guda kuma na iya lashe abin da aka tara a wata.

Ranar lissafi

Wata rana sai sanarwa ta ɓullo a wayoyi cewa an buɗe shafin rajista. A nan kowa ke zama ya ƙirga abin da hutu ya haifar. Jami'o'in tarayya ba su karɓar kuɗin koyarwa a hukumance, amma sauran kuɗaɗen rajista sun yi tashin gwauron zabo a jami'o'i da dama tun 2023. Asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024, ya kawo sauƙi ga waɗanda suka samu: yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, yana ba ɗalibi Naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Amma Naira 20,000 ba ta ciyar da mutum wata guda a kasuwar yau, balle haya da takardu. Tallafin karatu na jihohi kuma, inda ake bayarwa, ba kasafai yake zuwa a lokacin da ake buƙatarsa ba.

Abin da ɗalibai da iyaye suka fi buƙata bai wuce a san ranar tafiya da ranar dawowa ba. Da kalanda za ta tsaya wuri ɗaya, manomi zai san ko ɗansa zai kama masa noman bana, mai shago zai san tsawon lokacin da zai riƙe yaro, ɗalibar da ke son koyon ɗinki za ta san ko za ta kai ga yanka.

Idan ranar komawa ta zo, Kwangila kan sake cika, amma yanzu kayan sun fi nauyi: ƙullin gari, galan ɗin manja, tsarabar ƙuli-ƙuli da yaji daga hannun uwa, wani har da rabin buhun masarar da ya noma da kansa. Fuskoki sun yi duhu, tafin hannu ya yi kaushi. Da dare a ɗaki za a baje labari, kowa na ƙara wa nasa gishiri, ana dariya har maƙwabta su buga bango. Can sai wani ya tambayi labarin abokin da gadonsa ke nan babu katifa. A kira lambarsa, ya ce yana nan tafe, kuɗin ne ba su cika ba tukuna, amma yana sa ran mako mai zuwa idan an sayar da wake. Abokan su yi shiru kaɗan, sannan ɗaya ya ɗauko takarda ya fara rubuta sunaye, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa kafin a rufe rajista.